Yadda za ka zaɓa wa ɗanka makaranta a Maiduguri: ta gwamnati ko ta kuɗi

Da zarar hutun ƙarshen shekara ya kusa ƙarewa, daga Gwange har Bulumkutu zancen iyaye ɗaya ne: a bar yaro a makarantar gwamnati, ko a ƙuƙuta a kai shi ta kuɗi? Wannan gari ya sha wuya. A 2014 an rufe makarantun gwamnati da dama saboda hare-haren Boko Haram, wasunsu suka koma sansanin 'yan gudun hijira. Ana cikin farfaɗowa, madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shiga ajujuwa, makarantun da suka tsira kuma aka sake tsugunar da jama'a a cikin wasunsu. Don haka shawarar da ta yi wa ɗan'uwanka na Kano amfani ba lallai ta yi maka ba.

Fara da yaron, ba da makarantar ba. Ka zaunar da shi, ka ba shi littafin aji biyu na firamare, ka ce ya karanta maka layi biyar da ƙarfi. Sannan ka ba shi lissafin ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 17. Kada ka bi shekarunsa, kada ka bi ajin da ya ce yana ciki. Yaran da suka yi zaman sansani, ko suka yi ta ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, da yawansu sun tsallake shekarun da ake koyon haɗa baƙi. Idan ɗan shekara goma sha ɗaya bai iya karanta layin nan ba, abin da kake nema shi ne malamin da zai koma da shi tushe, ko a wace makaranta yake.

Na biyu, ka yi lissafin shekara guda cur, ba na zangon farko ba. Kuɗin makaranta sau uku, yunifom, kayan wasanni, littattafai (makarantun kuɗi da yawa sai a wurinsu za ka saya), kuɗin jarrabawa, kuɗin PTA, har da na bikin yaye ɗalibai. Ka ɗora kuɗin keke napep kullum, zuwa da dawowa, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan kaɗai kan kai rabin kuɗin makarantar a wasu gidajen. Sai ka ninka da yawan 'ya'yanka, har da mata. Ƙa'idata ita ce: idan abin da kake samu a watan da kasuwa ta fi mutuwa ba zai ɗauki nauyin ba, ka haƙura. Na sha ganin uba ya biya zangon farko da murna, a na biyu a fara koro yaro gida, a na uku yaro na zaune, makaranta kuma ta riƙe sakamakonsa sai an biya bashi. Kuma in za a cire ɗaya, 'yar macen ake fara cirewa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Mataki na uku shi ne inda iyaye suka fi faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. Mutane gini suke kallo. Tun zamanin Kashim Shettima aka fara gina manyan makarantun gwamnati masu benaye, Zulum ya ci gaba da su, kuma suna da kyau babu musu. A ɗaya ɓangaren, ga makarantar kuɗi mai fenti mai sheƙi da suna na Turanci da motar ɗaukar yara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke koyar da yaro. A 2022 kwamitin da gwamnatin Borno ta kafa ya gwada malamai 17,229 na ƙananan hukumomi 27, aka samu 5,439 ne kawai suka cancanci koyarwa. An yi gyare-gyare bayan haka, amma darasin yana nan. Kuma kada ka ɗauka ta kuɗi ta tsira daga wannan matsala. Da yawa albashin da suke biya bai taka kara ya karya ba, malami ya yi wata huɗu ya samu abin da ya fi, ya tafi, a kawo wani wanda bai san inda aka tsaya ba.

To ga abin yi. Ka je ba tare da sanarwa ba, ranar Talata ko Laraba, wajen ƙarfe sha ɗaya, bayan an dawo daga tara. Kada ka je ranar Litinin da safe, kowa yana nan a lokacin. Ka gaisa da hedimasta cikin girmamawa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ina son in leƙa ajin da ɗana zai shiga." Kana tafiya kana ƙirga ajujuwan da malami ke tsaye a gaban allo, da waɗanda monita ke riƙe da bulala yana tsare surutu. In ka shiga, ka wuce layin gaba, ka nemi littafin rubutun yaron da ke zaune can baya kusa da taga. Ka buɗe. Akwai jan biro? Yaushe rabon da a duba aikin? Idan ka ga maki goma bisa goma a kan aikin da ke cike da kuskure, malamin bai karanta ba, alama kawai ya sa. Ka roƙi yaron ya karanta maka abin da ya rubuta da hannunsa. In ya kasa, kwafa yake yi daga allo, kuma ɗanka ma haka zai yi.

A makarantar kuɗi ka ƙara tambaya ɗaya ga mai makarantar: cikin malaman bara, nawa ne suke nan bana? Ka kuma tambayi ko malamin ajin yana da takardar shaidar koyarwa ta NCE. Wanda ya hana ka shiga aji, ya ce ka tsaya a ofis, ka yi masa godiya ka fita.

Kafin ka bar harabar, ka dubi bango. Inda ambaliya ta shiga, layin ruwan kan bar shaida, wani lokacin ko an yi fenti. Ka duba ko bangon ya tsage, ko an mayar da bencina, ko yara a ƙasa suke zaune. Ka leƙa ban-ɗaki, ka tambayi inda suke shan ruwa. 'Ya mace da ta fara girma ba za ta zauna a makarantar da babu ban-ɗaki mai ƙofa ba.

Sai takardu. Ta kuɗi ta nuna maka shaidar amincewar Ma'aikatar Ilimi ta jiha, in sakandare ce kuma ka tabbatar a nan ake rubuta WAEC da NECO, ba a kwashe yara zuwa wata cibiya ba. In ruwa ya ci takardar haihuwar yaro, ka je ofishin hukumar ƙidaya da wuri, kada ka bari sai ranar rijista.

Ni dai zaɓina a bayyane yake. In akwai makarantar gwamnati da yaro zai iya zuwa da ƙafa, kuma ka ga malami a aji da jan biro a littafi, ka sa shi can. Kuɗin da ka rage, ku haɗu da maƙwabta uku ko huɗu ku ɗauki malamin lesin, a tsara lokacin yadda ba zai ci karo da Islamiyya ba. In kuwa ƙarfinka zai kai ta kuɗi na shekaru kaɗan kawai, ka kashe shi a aji ɗaya zuwa uku na firamare, ba a sakandare ba. Ko wacce ka zaɓa, in zango ya kai rabi ka sake ɗauko littafin nan na aji biyu, ka ce ya karanta maka. In babu canji har ƙarshen zango na biyu, ka koma wurin hedimasta da littafin a hannu.