Yadda na raba kyanwata da fitsari a kan gado

Kyanwata ta daina shiga akwatin yashinta, sai dai in tarar da fitsari a kan gado. Tsawa da canjin abinci duk ba su yi komai ba. Likitan dabbobi ya gwada fitsarin, ya ce mafitsararta lafiya lau.

Ashe akwatin ne ya gundure ta: yana jikin injin wanki, ga murfi, ga yashi mai turare. Na mayar da shi lungun da ba hayaniya, na cire murfin, na zuba yashi mai laushi marar ƙamshi, zurfin santimita 5, na ƙara akwati na biyu, kullum kuma ina kwashe ƙazantar. Wajen wanke katifar na guji sinadarin amoniya, don a hancinta warinsa tamkar fitsari ne. Alhamdulillahi, ta koma akwatinta.