Yadda ake zama a GRA ta Bauchi: kwana a nan, cefane a cikin gari

Duk wanda aiki ya kawo Bauchi, da ya tambayi inda zai kama haya, GRA, unguwar da gwamnati ta keɓe wa manyan ma'aikata, za a fara ambata masa. Akwai daɗin zama kam: tituna masu faɗi, inuwar darbejiya da mangwaro, ga shiru da daddare in ban da gurnanin janareta. Sai dai unguwar ta kwana ce. Abin da za ka ci da abin da za ka saya, yawancinsa yana cikin gari.

Mataki na farko, ruwa. Kafin ka yaba fenti da tayil, ka san inda ruwan gidan yake fitowa. Famfon Bauchi daga madatsar Gubi ake turo shi, kuma ba kowane layi yake samu kullum ba. Ga shi ƙasar ta dutse ce, burtsatsen da ke cika tanki a watan Agusta yana iya ƙafewa a Afrilu. Kada ka tambayi dillali, shi la'adarsa yake hange. Samu mai gadin gidan maƙwabta, ku gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, yaya ruwa a layin nan in bazara ta yi?" Abin da ya fi ma, ka zo da sassafe ka tsaya a bakin layin. In ka ga 'yan ga-ruwa sun jero da kurarsu cike da jarkoki, ka samu amsa.

Na biyu, wuta. Kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke kula da Bauchi. Tun Afrilun 2024 aka ninka wa masu layin Band A kuɗi fiye da sau uku, da sharaɗin wutar awa 20 a rana, saboda haka ka tambayi layin da gidan yake kai. Ka duba ko mita mai kati ce, kuma ko wanda ya tashi ya bar bashi a kanta.

Na uku, ɗaga kai ka dubi silin. Ni na taɓa kama gida da rani, sabon fenti fari fat, ashe tabon yoyo aka rufe. Ruwan farko na watan Mayu, da bokiti uku muka kwana a falo. In aka daidaita, haya ta shekara ce a dunƙule, ga la'ada. A rubuta komai a takarda, har da wanda gyaran famfo da kwasar masai ke wuyansa. In kuɗin ya fi ƙarfinka, leƙa Fadaman Mada ko Federal Low-cost. Yelwa da Gwallameji kuwa na ɗalibai ne, sai mai jure hayaniya.

Na huɗu, raba cefane gida biyu. Manyan kantunan da ke kusa da kai, bar su ga madara, sabulu da burodi. Kayan miya da hatsi, kama hanyar kasuwar Muda Lawal. Je da safe, lokacin da ake sauke kaya, tumatir bai sha rana ba. Zagaya rumfa uku kana taya kafin ka ciro kuɗi. Daga nan ka riƙe mutum ɗaya ya zama naka. Bayan zuwa biyu ko uku, da ya hango ka zai ce "Alhaji, ga naka na ware", gyaran da zai zuba maka kuma ya fi ragin da za ka yi ta ja-in-ja a kai. Albasa da busasshen barkono a saya lokacin kakarsu a ajiye. Atamfa, shadda da kayan kicin, wannan aikin kasuwar Wunti ne ko Central. Shawarata, ajiye motar nesa ka ƙarasa a Keke Napep, don mai kaya yana kallon makullin da ke hannunka kafin ya yanka farashi.

Na biyar, ci. A nan ba a cewa waina, masa ake cewa, kuma ita ce abin alfaharin garin. Gidajen abinci masu sanyin AC suna yin ta, amma wadda ake magana tana gaban tanda, inda mai suya ke juya ta da cokali, gefenta ya yi ja, cikinta laushi kamar auduga. Tafi da kularka, ka ce, "Hajiya, a sa miya daban, a ƙara yaji." Miyar taushe in ta kwanta a kan masa tun daga can, kafin ka iso gida ta jiƙe. Ranar Asabar da Lahadi ka sammako, ƙarfe tara na yi ƙullun ya kusa ƙarewa. Da daddare sai balangu: ka nuna tsokar da kake so da yatsa, a yanka a gabanka, a mayar kan wuta ta ɗan ƙara gasuwa kafin a naɗe.