Yadda Ake Rubuta Labarin Dodon da Ya Tsinci Mugun Abu

A ce Dodo, wannan dai na tatsuniya mai gashi buzu-buzu, ya tsinci wani abu da ke ba mai shi iko amma yana cin sa a hankali, me zai yi da shi? In mutum ne ya tsinta, kowa ya san inda labarin zai nufa: mutumin kirki zai lalace. To shi Dodo da tun asali mugu ne, me ya rage a jikinsa da za a lalata?

Lokacin da na fara gwada rubuta irin wannan labari, sai na sa Dodo ya tara runduna ya nufi fada zai ƙwace sarauta. Na karanta wa 'yar yayata a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Kawu, shi Dodo me zai yi da rawani? Ai shi ci kawai yake so." Gaskiya ta faɗa. Burin ɗan Adam na ɗauka na liƙa wa Dodo. Daga ranar na canza hanya, ga kuma yadda nake bi yanzu.

Mataki na farko: ka san Dodonka kafin ka ba shi komai

Kada ka fara da abin tsintuwar. Ka fara da mai tsintar. Ka nemi tsohuwa a gidanku ko a unguwarku, ka zauna kusa da ita ka ce, "Iya, a ba ni tatsuniyar Dodo." Ka ji uku ko huɗu, kana kula da abin da yake maimaituwa. Za ka ji yana zaune a ruwa ko a ƙurmin daji. Yana haɗiye mutum ɗungurungum, har da shanu, shi ya sa a wasu tatsuniyoyin in aka farke cikinsa mutane suke fitowa da ransu. Yana rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya zo neman aure. Yana tsoron karnuka.

Amma abin da nake so ka fi kasa kunne gare shi wani ne daban: Dodo yana da ƙa'ida. Mace ta rasa mai ɗora mata tulu a bakin rafi, ya taimake ta bisa sharaɗin za ta ba shi abin da ta haifa, sai ya jira shekara da shekaru har yarinya ta girma kafin ya zo karɓa. Ba ya zuwa kafin lokaci, ba ya kuma ɗaukar 'yar maƙwabta a madadinta. Haka macijiyar rijiyar Kusugu a labarin Bayajidda na Daura: ta hana mutane ruwa, amma ta bar musu ranar Juma'a. Muguntar tana da iyaka, a cikin wannan iyaka kuma mutane suke rayuwa.

Wannan iyakar ita ce abin da mugun abu zai ci. Ka rubuta ta a layi guda a saman takardarka. Tawa ita ce: Dodona yana cin abinci sau ɗaya, ya ƙoshi, ya yi barcin kwana bakwai. A waɗannan kwanaki bakwai ake zuwa rafi, ake cin kasuwa, ake kai amarya.

Mataki na biyu: ka zaɓi abin daga cikin gida

Ba sai ka je wata ƙasa ka aro kayan tsafinsu ba. Ka shiga kasuwar Kurmi da hantsi ka bi layin masu kayan gargajiya a hankali, ko ka leƙa Gidan Makama ka tsaya gaban tsofaffin kayan da aka ajiye. Tandun kwalli, akushi, madubi, buta, sandar makiyayi, duk za su yi. Abin da mai karatu yake taɓawa kullum ya fi ba shi tsoro in ya juya masa baya.

Tarihin garin nan na Kano ma yana da darasi a kan abin da aka lulluɓe aka ji tsoronsa. An ce akwai Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu. Sarki Alwali, wanda ya yi mulki daga 1781 zuwa 1807, ya ƙi ba da shanu arba'in da aka nema, ya sa samari suka sassare fatun da gatari, sai aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Mutane sun daɗe suna tsoron naɗin, sun manta abin da aka naɗe. Ni abin da na ɗauka daga nan a matsayin marubuci shi ne, rabin ƙarfin abu yana cikin abin da jama'a suka yarda su miƙa masa.

Ni mudu na zaɓa. Yau a Kano kwano muke cewa, amma da yake labarin nawa na da can ne, sai na mai da shi mudun tagulla. Dalilina a fili yake. Babu wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo bai zuba wa hannunsa ido ba: ya cika, ko ya tare hatsin da tafinsa, ko an bubbuga gindin kwanon ya shige ciki. Tauye mudu kuwa laifi ne da aka saukar da sura guda da ta buɗe da gargaɗi a kansa. Mai karatu ya riga ya zo da wannan nauyin a zuciyarsa, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Mataki na uku: ka rubuta dokar abin, kada ka karya ta

Layi uku sun isa: abin da yake bayarwa, abin da yake karɓa, da abin da ba ya iyawa. Nawa ga su. Duk abin da aka auna da mudun sai ya ninka, amma ƙarin daga rumbun wani yake fitowa. Kowane awo yana rage wa mai mudun ƙoshi. Abin da aka bayar da hannu kyauta, ba tare da awo ba, mudun ba shi da iko a kansa.

Layi na ukun nan ka ajiye shi, can gaba za ka neme shi. Kuma ka tsaya a nan, kada ka ba abin ikon rayawa ko kashewa ko sanin gaibu. Masu karatunmu ba za su bi ka can ba, labarin ma ba ya buƙata.

Mataki na huɗu: ka bar shi ya yi amfani da abin da hankalin Dodo

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin gaggawa. Ka tambayi kanka abin da wannan halitta za ta yi a ranar farko, ba abin da kai za ka yi ba. Dodo bai san ciniki ba. Da ya ga mudun a cikin laka, zai shinshina shi, ya lasa, ya gwada haɗiye shi ya maƙale masa a wuya ya tofar. Sai ya ɗebi ruwa da shi. Ya sha, ya ga mudun a cike. Can cikin gari wata mata ta zura guga a rijiya ta ji ya bugi ƙasa.

Ga yadda na rubuta daren da ya gane:

Ya jefa cinyar akuya a ciki, ya ciro biyu. Ya mayar da biyun, ya ciro huɗu. Dariyarsa ta tashi tsuntsayen da ke kan rimi. Ya ci har gari ya waye, ƙasusuwa suka taru suka kai masa gwiwa. Sannan ya kwanta kamar yadda ya saba, ya rufe ido, ya jira nauyin nan da ke saukar masa daga ciki zuwa ƙafafu. Bai zo ba. Ya juya dama, ya juya hagu. Da rana ta take, ya tashi zaune, ya jawo mudun.

Ka lura ban ce ya ƙara mugunta ba. Barci kawai ya rasa. Amma barcinsa shi ne zaman lafiyar gari.

Daga nan sai ka hau da shi hawa-hawa, kowane hawa ya fito daga na bayansa. Ci ya daina yi masa magani, sai ya lura kallon tarin abinci yana ɗan kwantar masa da hankali fiye da cinsa. Ya daina ci, ya koma tarawa. Nama yana ruɓewa, don haka ya koma kan gero da dawa. Ya rame, gashin ya kakkaɓe, faratan suka karye, har wata rana ya leƙa ruwa ya ga ba ya buƙatar rikiɗa kuma: ya yi kama da mutum. Ya sa riga, ya shigo gari ta ƙofa kamar kowa, ya kama rumfa a kasuwa. Rumbunan mutane sun zama wayam ba su san dalili ba, shi kaɗai ke da hatsi, sai ya fara ba su bashin abin da nasu ne. Masu gudu in sun ji motsinsa a da, yanzu durƙusawa suke yi suna cewa, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da mudu biyu zuwa kaka." Karnuka ne kaɗai ba su daina yi masa haushi ba, mutane kuma suna jifan su don kada su ɓata wa mai hatsi rai.

Wannan wurin ya fi tayar mini da hankali a duk labarin, domin duk wanda ya taɓa zuwa awo a shekarar tsada ya ji an ce kaya sun ƙare alhali ɗakunan ajiya a kulle suke, ya san fuskar nan. Kada ka faɗa wa mai karatu haka a cikin labarin. Zai gane da kansa.

Mataki na biyar: ka dasa shi a ƙasa ta gaske

Ka ba Dodo adireshi. Nawa a Jakara yake kwana, ruwan da ya ratsa ta gefen Kurmi, yana kuma hawa Dala da dare ya ƙirga rumbunan da suka rage. Ka zaɓi zamani ka tsaya a kai. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Kasuwar Kurmi kuwa ta zamanin Muhammadu Rumfa ce, 1463 zuwa 1499. In a zamanin Rumfa ka sa labarinka, kada masara ta shigo, kada kuma a biya da kuɗin wuri, don tarihin Kano ya ce sai a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa a yarda da babbar ƙaryar.

Mataki na shida: ka kewaye shi da masu cin gajiya

Dodo shi kaɗai ba zai iya riƙe kasuwa ba. Yana buƙatar dillali, mai rubuta bashi, da mai yi masa kirari. Gizo ya dace da dillancin, don ya san sarai ko wane ne maigidan nasa, amma la'ada ta rufe masa baki. Ƙoƙi ta ce masa, "Maigida, mutumin nan fa ban taɓa ganin ya kai loma bakinsa ba." Ya ce ta yi shiru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ka tabbata ranar askin ta zo wa Gizo a cikin labarin.

Mataki na bakwai: ka warware da dokar da ka riga ka kafa

Kada ka kawo jarumi daga wani gari da takobi a shafin ƙarshe. Ka koma layi na uku. A nawa, wata tsohuwa mai sayar da tuwo a bakin kasuwa ce ta ga mai hatsi zaune da magariba, idanu sun zurma, hannu yana rawa a kan mudu. Ba ta san ko wane ne ba. Ta yanko loma da hannunta, ta tsoma a miyar kuka, ta ce, "Ɗan nan, karɓi, ka rame." Ya miƙo mudun don ta zuba a ciki. Ta ture shi gefe ta ce, "Ba sayarwa nake yi ba." Ya ci daga hannunta. Nauyin nan da ya shekara yana jira ya sauko masa daga ciki zuwa ƙafafu, ya kife a wurin, gashi ya fara tsirowa a bayansa.

Ko a kashe shi yana barci, ko a ja shi a mayar Jakara ya koma Dodon da aka sani mai barcin kwana bakwai, wannan ya rage naka. Ni na biyun na zaɓa.

Mataki na ƙarshe: ka karanta a bayyane

Kafin ka tura wa kowa a WhatsApp ko ka ɗora a Facebook, ka tara yaran gida da dare ka buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku." In sun amsa "Ta zo mu ji ta," ka karanta kana kallon fuskokinsu. Inda suka fara wasa da yatsun ƙafa, ka yanke. Inda suka matso kusa da juna, ka ƙara layi ɗaya ko biyu. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba, ka sake ta.

Da na karanta wa 'yar yayata sabon rubutun, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Na ce ƙurunƙus, ta yi shiru na ɗan lokaci tana kallon kwanon awon da ke kife a bakin ɗakin girki. Sannan ta ce, "Kawu, da ya yi barcin, wa ya ɗauki mudun?" Wannan babin nake rubutawa yanzu.