Babi na 7: Abokin Shan Magani

Darasi na 1

Ku sa yatsa a kan waɗannan haruffa uku: HIV. Sunan ƙwayar cuta ce mai shiga jini tana kashe sojojin jiki, waɗanda likitoci suke kira CD4. Idan sojojin suka yi ƙaranci, ƙaramar cuta ma sai ta kwantar da mutum.

Akwai magani. Ba ya fitar da cutar daga jiki, danne ta yake yi. Tun shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ita a fara ba shi magani, ba sai ya kwanta ba. Yau yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha, sau ɗaya a rana. Ku lura, ƙwayar magani daban, ƙwayar cuta daban. Kada rubutun ya rikita ku.

Haɗiye ƙwaya ɗaya ba wuya. Wuyar tana cikin kalmar "kullum". Shekara kwana 365 ce, kuma babu ranar hutu a ciki. Mutum yakan manta, yakan gaji, kunya takan sa ya ɓoye kwalbar inda shi kansa ba zai gan ta ba. Shi ya sa ake buƙatar abokin shan magani, wato mutumin da zai riƙa tuna masa ya sha.

Darasi na 2

Kai mai shan magani, ba dole ne ka gaya wa kowa kana ɗauke da cutar ba. Mutum ɗaya ya isa: matarka, mijinki, ɗan'uwa ko amini, muddin yana riƙe sirri. Ka faɗa masa lokacin da kake sha. Ka rubuta lokacin da manyan lambobi, misali 8:00, ka ce masa na safe ne ko na dare. Kada ka ce "ai ya sani". Bai sani ba sai ka faɗa.

Ku je asibiti tare ko sau ɗaya, ya ji daga bakin ma'aikacin lafiya cewa ba a ɗaukar cutar ta hanyar gaisawa, ko zama tare, ko cin abinci a kwano ɗaya. Idan tsoro ya fita daga ransa, taimakonsa zai ɗore.

Aikinsa tambaya ce guda: "Ka sha?" A hankali, ba da tsawa ba, ba a gaban mutane ba.

Darasi na 3

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka mu tsaya sosai.

Wanda yake shan magani yadda aka ce, cikin kamar wata 6 gwajin jini yakan nuna cutar ta ragu ƙwarai. Idan adadin ƙwayar cutar ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini kuma ya tsaya a nan, ba a sa wa miji ko mata ta hanyar kwanciya. Jiki ya murmure, ƙarfi ya dawo. Abin farin ciki ne, kuma ya dace a yaba wa mutum.

To, daga nan sai mai shan magani ya ce, "Na warke." Abokin ma ya daina tambaya.

Ku karanta tare da ni: jin sauƙi ba warkewa ba ne. Ku sake. Jin sauƙi ba warkewa ba ne. Cutar tana nan a ɓoye, maganin ne ya taka ta. Idan aka ɗaga ƙafa, cikin 'yan makonni za ta sake hayayyafa. Idan kuma ana sha ana bari, tana iya sabawa da maganin har ya daina yi mata aiki, sai an canza wani.

Kai abokin shan magani, ranar da yake kwance ka tambaye shi. Ranar da ya tashi garau ya tafi aiki, ita ma ka tambaye shi: "Ka sha?" Shekara ta biyu, ka tambaya. Ta biyar, ka tambaya. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu kunya, za mu maimaita.

Amma haba, jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kowane aji sai na ji wani ya ce, "Malam, ai yanzu lafiyarsa ƙalau, na bar shi." Ka bar shi ga wa? Amana ka karɓa, ba ta wata uku ba ce. Ku ɗauki fensir ku ja layi ƙarƙashin jimlar: jin sauƙi ba warkewa ba ne.

Idan an manta, a sha da zarar an tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, a jira shi, kada a haɗa biyu. Abokin kuma kada ya yi faɗa, don wanda aka yi wa faɗa gobe ɓoyewa zai yi.

Darasi na 4

Asibitoci da yawa suna da ƙungiyar masu shan wannan magani. Ka tambayi ma'aikacin lafiya ranar haɗuwarsu. A can za ka ga waɗanda suka shekara goma suna sha.

Darasi na 5

In za ka yi tafiya, ƙirga kwanakin, ka ɗauki maganin da ya fi su. Abokinka ya kira ka a waya.

Aiki: rubuta "Ka sha?" sau biyar, "Kin sha?" sau biyar.