Yadda Ake Warware Wasan Cike Gurabe Mai Jigo na Jaridar New York Times

Ka fara da na ranar Litinin. Mutane da yawa sukan faɗa wa na Asabar tun ranar farko, su sha wuya, su ce abin ba nasu ba ne. Jaridar New York Times ta Amurka, wadda ta soma buga wannan wasa na crossword (allon gurabe da ake cikewa da amsoshin tambayoyi cikin Turanci, harafi ɗaya a kowane gurbi) a 1942, hawa-hawa ta tsara shi: na Litinin ne mafi sauƙi, kullum yana ƙara tsauri har Asabar. Daga Litinin zuwa Alhamis, da kuma Lahadi, akwai jigo, wato wata dabara guda da ta ɗaure dogayen amsoshi wuri ɗaya. Na Juma'a da Asabar galibi ba su da shi.

Kafin ka rubuta komai, ɗauki fensir, ba biro ba, ka ƙare wa allon kallo. Gurabe 15 ne a kwance, 15 a tsaye, sai na Lahadi mai 21. Baƙaƙen gurabe kuwa ba haka kawai aka watsa su ba. In ka juya takardar sama ta koma ƙasa, tsarinsu ba zai canza ba. Wannan abu yana da amfani ƙwarai, domin doguwar amsar da ke sama tana da 'yar'uwa a ƙasa mai tsawonta daidai. Nemo waɗannan dogayen layuka na kwance ka sa musu alama. Nan jigo ya ɓuya. Amma kada ka taɓa su tukuna.

Ka bi ƙananan tambayoyi, musamman masu ɗan layi inda aka cire kalma ɗaya aka ce ka cike. Babu amsar da ke ƙasa da harafi uku, kuma kowane harafi yana aiki sau biyu, a kwance da a tsaye, don haka amsa ɗaya tabbatacciya takan buɗe maka uku ko huɗu. Tambayar kanta tana tona siffar amsarta. In jam'i ce, amsar jam'i ce, kana iya sa S a gurbin ƙarshe da fensir tun ba ka san kalmar ba. In an gajarta kalma a cikin tambaya, amsar ma gajartacciya ce. Da sannu za ka saba da wasu 'yan kalmomi masu yawan wasula da ba sa rabuwa da allon, irin su ERA da ALOE da OREO. Haddace su.

Tambayar da ta ƙare da alamar tambaya kuwa, a yi hattara da ita. Kacici-kacici ce, ma'anar da ta fara zuwa maka ba ita ake nufi ba. Kalmar bank, alal misali, banki ce, gaɓar kogi ce kuma.

Yanzu ne za ka koma kan dogayen. A ce haruffan da ka tara sun fito maka da WHITEHOUSE, wadda ta fara da WHITE, wato fari, a sama (ba a barin fili tsakanin kalmomi). Kada ka wuce da sauri. Tsaya ka tambayi kanka me ya sa mai tsara wasan ya zaɓi wannan. 'Yar'uwarta ta ƙasa ita ma haruffa goma ce, ka ga ta fara da BL. In zuciyarka ta raya maka cewa launi ne jigon, to BLACK (baƙi) ce ko BLUE (shuɗi); in BLACK ta zauna, ka samu haruffa uku kyauta, sauran dogayen ma ka san abin da za ka nema a farkonsu. A ganina wannan ne daɗin wasan gaba ɗaya, lokacin da ka gane abin da wani mutum da ba ka taɓa gani ba yake ƙullawa a ransa. Sau da yawa akwai amsa guda can wajen ƙasan allo da ke bayyana jigon ƙarara, tambayarta takan ambaci lambobin dogayen amsoshi. In ka maƙale, sauka can ka yi aiki a kewayenta. Na Lahadi kuma yana da take, karanta shi sau biyu.

Wani ɓangare ya ƙi ci? Goge amsar da ka fi shakka, don kuskure ɗaya kan toshe kusurwa guda. In ya ci gaba da ƙi, ajiye takardar ka yi wani aiki, ka dawo da yamma. Duba ƙamus ba laifi ba ne ga mai koyo.

Sai ka yi makonni kana gama na Litinin da Talata kafin ka tunkari Alhamis, ranar da ake karya doka. In ka tabbata da amsa amma gurabenta sun gaza, kada ka goge ta. Wataƙila an so ka cusa kalma sukutum cikin gurbi ɗaya. Gwada ta da amsar da ta ratsa ta a tsaye. In ita ma ta zauna daidai, to nemi sauran irin wannan gurbi a cikin dogayen amsoshin.