Kurakuran da aka fi yi wajen hayayyafar raƙuman dawa a gidajen namun daji

Babban kuskuren da ya daɗe yana bin gidajen namun daji shi ne ɗaukar cewa raƙumin dawa raƙumin dawa ne kawai, duk inda aka samu namiji da mace sai a haɗa su. An shafe shekaru masana suna lissafa dabbar a matsayin jinsi guda mai rassa tara, har zuwa 2016 da wani binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa jinsi huɗu ne mabambanta: na arewa, na kudu, na Masai, da kuma mai zanen raga da ke arewacin Kenya da kudancin Habasha. A 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince da wannan rabo. A dawa ba safai waɗannan jinsuna ke barbara da juna ba, amma a cikin shinge guda suna yi, kuma 'ya'yan da suka haifa su ma suna haihuwa, don haka gauraye ɗaya da aka yi shekaru arba'in da suka wuce yana nan yana yawo a jinin jikoki da tattaɓa-kunne. Abin da ya sa wannan ya zama abin damuwa shi ne raƙuman dawa sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari tsakanin 1985 da 2015, kuma garken da aka tsare don ya zama ajiya ga dawa ba shi da amfanin ajiya idan ba a san ko jinin wane ne a jikinsa ba.

Daga nan sai kuskuren dogara da ido. Gaskiya ne cewa zanen na Masai yana da baki tsaga-tsaga, na mai raga kuma faffaɗa ne da fararen layuka siriri a tsakani, shi kuwa wanda ake kira Rothschild, wanda ke cikin jinsin arewa, ƙafafunsa farare ne daga gwiwa zuwa ƙasa. Amma ruwa-biyu yakan ɗauko kamannin uwa ko na uba tsaf, ta yadda ko tsohon ma'aikaci zai rantse cewa tsantsa ne. Takarda ma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Gidajen namun daji na Turai, musamman na Faransa, sun daɗe suna nuna wasu raƙuma da sunan na Afirka ta Yamma, sai wani bincike a 2007 ya gano cewa na Kordofan ne, wato wani reshen daban na jinsin arewa, kuma ainihin na Afirka ta Yamma babu su ko'ina sai a Jamhuriyar Nijar. Gyaran nan ba shi da wata gajeriyar hanya: a ɗebi jini ko ɗan ƙaramin yanki na fata a yi gwajin ƙwayoyin gado kafin a sa kowace dabba cikin shirin haihuwa, sannan a gyara littafin asali, wato kundin da ake rubuta iyaye da zuriyar kowace dabba, ko da gyaran zai zubar da darajar dabbar da gidan ke alfahari da ita. Wanda ba a tabbatar da asalinsa ba, a rubuta haka ƙarara.

To, idan gwaji ya nuna ruwa-biyu ne, me za a yi da shi? A nan ne aka fi yin kuskure ta fuska biyu. Wasu sukan bar shi ya ci gaba da haihuwa saboda jariri yana jawo 'yan kallo, alhali kowane ɗan da aka haifa zai mamaye gurbin da tsantsa ke bukata na tsawon shekara ashirin ko fiye, kuma gurbin dabba mai tsayin mita biyar ba abu ne da ake samu da sauƙi ba. Wasu kuma sukan juya masa baya, su tura shi wurin da bai dace ba, ko su sayar wa duk wanda ya taya. Ni a ganina na biyun ya fi muni, domin dabbar ba ta zaɓi iyayenta ba, kuma haƙƙinta na abinci da magani da sarari daidai yake da na kowace. Tsarin ƙungiyar gidajen namun daji ta Turai, EAZA, shi ne a dakatar da haihuwar ruwa-biyu su ƙare rayuwarsu cikin kulawa, ta hanyar raba maza da mata, ko allurar hana ɗaukar ciki, ko kafa garken maza zalla. A Amurka kuwa an ware na Masai daban, sauran an haɗa su rukuni guda saboda gaurayen ya riga ya yi nisa. Fiɗiya tana yiwuwa, sai dai sa wa raƙumin dawa maganin barci kasada ce babba, domin yana iya faɗuwa ya ji rauni a wuya ko abin da ke tumbinsa ya dawo ya shaƙe shi, saboda haka ba a yin ta sai da ƙwararrun likitoci.

Akwai kuma masu tsananta neman tsantsa har su faɗa ramin auren dangi. Mace takan balaga tana da shekara uku zuwa huɗu, kuma idan aka bar ta tare da ubanta zai hau ta. Tsantsar da aka samu daga uba da 'ya ba riba ba ce. Maganin shi ne a riƙa musayar dabbobi tsakanin gidaje bisa shawarar mai riƙe da littafin asali, kuma a yi jigilar tun suna ƙanana, kafin tsayinsu ya gagari mota da gadojin hanya.

Yanke shawara bayan ciki ya shiga shi ma kuskure ne. Cikin raƙumar dawa wata 15 ne, lokaci mai tsawo, amma tambayar inda ɗan zai zauna idan ya girma kamata ya yi a amsa ta tun kafin barbara. A Fabrairun 2014 gidan namun daji na Kofanhegan a ƙasar Danmak ya kashe wani matashin raƙumin dawa lafiyayye mai suna Marius, bisa hujjar cewa jininsa ya riga ya yawaita a shirin Turai, lamarin da ya tayar da ƙura a duniya. Ko mutum ya yarda da hujjarsu ko bai yarda ba, abin ya nuna irin tsaka-mai-wuyar da haihuwa marar gurbi ke jefa masu kiwo.

Ranar haihuwa ma tana da nata kurakuran. Uwa a tsaye take haihuwa, jaririn mai tsayin kusan mita 1.8 yakan faɗo ƙasa daga sama, kuma cikin awa guda yake fafutukar miƙewa a kan ƙafafu masu rawa. Idan daɓen siminti ne mai santsi, ƙafafun sukan baje gefe da gefe, jijiyoyi su yage, wani lokaci ba ya sake tashi. A shimfiɗa yashi da ciyawa mai kauri tun makonni kafin lokacin, a rage hayaniya, a sa ido ta kyamara maimakon cika ɗakin da mutane, sannan a tabbatar ya sha dakashi a sa'o'in farko. Ita ma uwar ba za ta yi nono ba idan an ciyar da ita kamar saniya. Raƙumin dawa ganyen bishiya yake ci, kuma yawan hatsi da kayan zaƙi yana ɓata masa tumbi, ya rame a ɓoye har sanyi kaɗan ya kayar da shi farat ɗaya. A rataye masa rassa masu ganye a sama daidai tsayinsa kullum, a ƙara da harawar alfalfa, kuma a ƙasashe masu sanyi kada ɗumin ɗakinsa ya gaza digiri 18.