Yadda ake tsara mutanen fim ɗin aljanun Yukren ba tare da an yi kwaɗon ƙabilu ba

Kafin a zana fuskar kowa, a tsayar da yanki ɗaya da zamani ɗaya. Daga nan yawancin ɓarna take farawa, domin aljanun Yukren kowanne da garinsu. Aljanar dajin da suke kira mavka, wadda ake cewa kurwar yarinya ce da ta mutu ba a yi mata baftisma ba, a dazukan Volin da fadamun Polisiya, arewa maso yammacin ƙasar, marubuciya Lesya Ukrainka ta zaunar da ita a wasan kwaikwayonta na 1911. A duwatsun Karpat kuwa, wajen ƙabilar Hutsul, niyavka ake ce mata, kyakkyawa ce ta gaba, amma bayanta a buɗe yake har ana ganin kayan ciki, kuma akwai ƙaton dodon daji mai gashi, Chuhaista, da ke farautarta. Wanda ya kai Chuhaista fadama ya yi kamar mai ajiye raƙumi a kwale-kwale.

In an zaɓi yanki, sai a tambaya: su wa ke zaune nan a wannan zamanin? Amsar ita ce jerin 'yan wasanka. Garin kasuwa a Volin ko Podiliya a ƙarni na 19 ba ya cika sai da Yahudawa masu shago da sana'ar hannu, da 'yan Poland masu manyan gonaki, da maƙera 'yan ƙabilar Roma. A kudancin Odesa akwai Bulgariyawa da Gagauz, gaɓar tekun Azov akwai Girkawa. Tatar na Kirimiya Musulmi ne, kuma dokar Yukren ta 2021 ta amince da su, tare da ƙananan ƙabilun Kirimiya biyu, Karaim da Kirimchak, a matsayin 'yan asalin ƙasa. In labarinka a arewa yake kuma kana son shigo da Batatare, ba sai ka ƙirƙiro dalili ba: fataken gishiri da ake kira chumak sun daɗe suna kai-komo da amalanken shanu tsakanin ƙauyukan Yukren da tafkunan gishirin Kirimiya.

Hattara da tsofaffin majiyoyi. Wasan 'yar tsana na Kirsimeti da ake kira vertep yana da Bayahude da ɗan Roma a matsayin abin dariya, waƙoƙin jarumai kuma sun fi nuna Batatare a matsayin mai kai hari. In aka kwafo haka ɗanye, an shigo da mutanen ne don a ci mutuncinsu. Gwajin mai sauƙi ne: ɗan wasan yana da suna, da sana'a, da abin da yake nema wa kansa? In aka cire shi, labarin zai girgiza? In amsar a'a ce, a sake rubuta shi. Rubutun kuma a miƙa wa ɗan ƙabilar ya karanta tun a zubin farko, lokacin da gyara bai da tsada.

Sutura ce ke fara tona asiri. Rigar ɗinkin hannu, vishivanka, tana faɗin garin mai ita: Poltava an san ta da farin zare a kan farin yadi, Borshchiv da baƙin zare mai cika hannun riga, Hutsul da launuka masu yawa da falmaran ta fatar tunkiya, keptar. A al'adance, budurwa ce ke sa kambin furanni. Matar aure tana rufe gashinta da ochipok ko namitka. Masu zane suna yawan ɗora wa uwa mai 'ya'ya furanni don kyau, 'yan ƙasa kuma nan take za su gane. Adon kai na kokoshnik da molon balalaika na Rasha ne, kada su kuskura su shiga. Gidan tarihi na Ivan Honchar da ke Kyiv da ƙauyen tarihi na Pirohiv suna da samfura yanki-yanki, can ya kamata mai ɗinki ya fara.

Kiɗa ma haka. Trembita, dogon ƙahon katako da ke kai mita 3, na makiyayan dutse ne; sarewar sopilka ta fi dacewa da daji. A da, mawaƙan kobza da lira (kayan kiɗa masu tsirkiya) masu yawo gari-gari galibi makafi ne, masu ƙungiyar sana'a da almajirai. In fim ɗinka na da irin wannan mawaƙi, a nemo makaho ya hau, ko ya ba da muryar in zane ne, kuma a tanadar masa rubutun a sauti ko a rubutun makafi makonni kafin ranar ɗauka.